Fada Christoph von Schmid, Malamin Makaranta Kuma Marubucin Waƙoƙi (1768 zuwa 1854)

Kowace shekara idan daren Kirsimeti ya yi, a majami'un ƙasar Jamus, na Katolika da na Furotesta duka, akwai wata waƙa da yara suke rerawa a gaban komin dabbobin da aka shirya domin tunawa da haihuwar Mai Ceto. Sunan waƙar da Jamusanci Ihr Kinderlein, kommet. Da yawa cikin masu rera ta ba su san wanda ya rubuta ta ba. Wanda ya rubuta ta kuwa wani firist ne da ya yi shekara 20 yana koyar da 'ya'yan manoma da masu sana'a a wani ƙaramin gari, aka yi ta kiransa zuwa manyan makarantu yana ƙi. Sunansa Fada Christoph von Schmid. Tarihinsa ne muka kawo muku a wannan fitowa, gama akwai abin da iyaye da malaman makaranta da katikis za su ɗauka a cikinsa.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haife shi ran 15 ga Agusta, 1768, watau ranar idin ɗaukar Budurwa Maryamu zuwa sama, a birnin Dinkelsbühl, wanda yau yake cikin jihar Bavariya a kudancin Jamus. Birnin tsoho ne, mai ganuwa da ƙofofi, kuma a wancan zamani yana mulkin kansa. Wani abu da ya bambanta shi da yawancin biranen Jamus shi ne, bayan yaƙe-yaƙen addini da suka cinye ƙasar, an yi yarjejeniya 'yan Katolika da 'yan Furotesta su zauna tare a cikinsa, su raba muƙaman gari daidai wa daida. Sabili da haka yaron ya tashi yana ganin maƙwabta waɗanda ba majami'arsu ɗaya ba suna cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya.

Mahaifinsa ma'aikaci ne a ofishin wata tsohuwar ƙungiyar addini ta Jamusawa wadda take da gidaje da gonaki a yankin. Christoph ne ɗan fari cikin 'ya'ya 9. A shekara ta 1783 aka tura shi karatu Dillingen, wani gari a bakin kogin Danube inda Bishop na Augsburg yake da makarantar sakandare da jami'a. Bai daɗe a can ba mahaifinsa ya rasu, ya bar gwauruwa da 'ya'ya ƙanana. Mai karatu zai iya gane halin da ɗan fari yake shiga a irin wannan rana. Amma Allah bai bar shi ba. Ya sami aikin koyar da 'ya'yan wani gida mai wadata a Dillingen, da abin da yake samu ya ci gaba da karatunsa. Ashe tun yana saurayi aka fara horar da shi a kan aikin da zai yi har tsufa, watau zama da yara da neman hanyar da magana za ta shiga kunnensu.

Malamin da ya gyara shi

A jami'ar Dillingen ya karanta falsafa da ilmin tauhidi, a nan kuma ya gamu da mutumin da ya fi kowa tasiri a rayuwarsa, Fada Johann Michael Sailer, wanda ya fara koyarwa a can a 1784. Zamanin nan shi ne wanda Turawa suke kira zamanin wayewar kai. Wasu masana sun ɗaukaka hankalin ɗan Adam har suna raina wahayi, wasu malaman Ikklisiya kuwa don tsoro sun rufe ƙofa ga kowane sabon tunani. Sailer bai bi ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan ba. Yana koyar da darussansa na kiwon jama'a da Jamusanci, ba da Latin kaɗai ba, yana sa ɗalibansa su karanta Littafi Mai Tsarki da kansu, yana fita yawo da su suna hira, yana kuma nace musu cewa firist da bai iya yi wa yaro da manomi bayanin bangaskiya da kalmomin da suka sani ba, bai gama koyon aikinsa ba.

Wannan hali ya jawo wa Sailer ƙauna daga ɗalibai, ya kuma jawo masa hassada daga wasu abokan aiki. Aka kai ƙararsa cewa yana karkata ga masu sabon ra'ayi, a 1794 aka sallame shi daga aiki. Almajiransa ma suka daɗe ana yi musu kallon tuhuma. Fada Schmid bai juya wa malaminsa baya ba, ya riƙe zumunci da shi har mutuwa ta raba. Gaskiya kuwa ta yi halinta: a 1829 Sailer ɗin da aka kora ya zama Bishop na Regensburg, ya riƙe kujerar har rasuwarsa a 1832.

An naɗa Christoph firist a 1791. Aka fara tura shi ƙauyen Nassenbeuren, kusa da Mindelheim, a matsayin mataimakin Fada. A 1795 ya koma Seeg, a gindin duwatsun kudu, wurin Fada Johann Michael Feneberg, abokin Sailer, wanda aka yanke wa ƙafa ɗaya bayan ya faɗi da doki, yana kiwon jama'arsa da ƙafar katako. A ƙauyukan nan biyu saurayin firist ya ga yadda talakawa suke rayuwa, ya shiga ɗakunansu, ya ji irin maganar da suke yi da 'ya'yansu.

Shekara ashirin a Thannhausen

A 1796 aka ba shi aikin da ya zama tushen sunansa. Aka tura shi Thannhausen, wani ƙaramin garin kasuwa a yankin Swabiya, ya zama firist mai kula da makaranta kuma shugabanta. Daga baya aka ɗora masa duba makarantun gundumar.

Ya kamata mu san irin makarantun ƙauye na wancan lokaci. Malami ɗaya ne da yara masu yawa a ɗaki ɗaya, babba da ƙarami. Sau da yawa malamin shi ne mai buga ƙararrawar majami'a ko mai wata sana'ar hannu, albashinsa bai taka kara ya karya ba, bai kuma sami wani horo ba. Koyarwa hadda ce da bulala. Idan lokacin aikin gona ya zo iyaye sukan kwashe 'ya'yansu. Sai a 1802 gwamnatin Bavariya ta kafa dokar da ta tilasta wa kowane yaro daga shekara 6 zuwa 12 zuwa makaranta, Thannhausen kuwa ta shiga ƙarƙashin Bavariya a 1806. Ga kuma yaƙi. Sojojin Faransa sun ratsa yankin a 1796 da 1800, a 1805 kuma Napoliyon ya ci sojojin Ostiriya a Ulm, ba nisa da garin. A 1803 hukumomi suka ƙwace ƙasashen Ikklisiya, suka rufe gidajen sufaye masu yawa. Cikin wannan hargitsi ne Fada Schmid yake shiga aji kowace safiya.

Abin da ya fara lura da shi shi ne, yara suna koyon haɗa baƙaƙe amma ba su da abin karantawa. Littattafan da ke akwai an rubuta su ne domin manya, da dogayen jimloli da kalmomin malamai. Yaro yakan haddace amsar katikisma tsaf, a tambaye shi ma'anarta ya yi shiru. Fada Schmid bai tsaya yana kuka da rashin littattafai ba, bai kuma jira wani a babban birni ya rubuta ya aiko ba. Ya ɗauki alƙalami.

Hanyar da ya bi abar lura ce. Yakan rubuta labari. Idan yara sun yi ƙoƙari a ranar, bayan an tashi darasi sai ya karanta musu shi a matsayin lada, bisa sharaɗi ɗaya: kowa ya je gida ya rubuta abin da ya ji da kalmominsa. Idan suka kawo takardunsu sai ya duba. Inda yara suka riƙe, ya san maganar ta shiga. Inda suka tsallake ko suka juya ma'ana, ya san laifin nasa ne, sai ya sake rubutawa. Ta haka yaran suka koyi rubutu, shi kuma ya koyi harshen yara. Malami ne ya mai da kansa ɗalibin ɗalibansa, ba tare da girmansa ya zube ba.

A 1801 ya fara fitar da tarihin Littafi Mai Tsarki domin yara, inda ya ba da labaran Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari da gajerun jimloli, kowane labari da abin koyi a ƙarshensa. Littafin ya karɓu, aka sa shi a makarantun Katolika na Bavariya da wasu ƙasashen Jamus, aka yi shekaru da yawa ana koyarwa da shi. A wannan shekara kuma ya fitar da ɗan littafin koyon karatu wanda yake gabatar wa ƙananan yara sanin Allah da kalmomi masu sauƙi.

Labaransa

Daga ajin nan na Thannhausen labaran da suka zagaya duniya suka fito. A 1810 ya fitar da Genovefa, tsohon labari ne da ya sake zubawa, na wata matar basarake da aka yi wa ƙazafi mijinta yana wurin yaƙi, aka jefar da ita a jeji da jaririnta, wata barewa ta shayar da yaron shekaru har gaskiya ta bayyana.

A 1816 ya fitar da wanda ya fi ba shi suna, Die Ostereier, watau Ƙwayayen Ista. Wata mata mai daraja ta gudo daga yaƙi da 'ya'yanta biyu da wani tsohon bara, ta fake a wani kwari cikin duwatsu wurin masu ƙona gawayi waɗanda ba su taɓa ganin kaza ba. Ta sa aka kawo kaji. Da Ista ta zo, ba ta da wata kyauta da za ta ba yaran kwarin, sai ta rina ƙwai kala kala, ta rubuta gajerun baitoci a kansu, ta ɓoye cikin sheƙuna a kurmi yara suka nema. Ƙwai ɗaya daga ciki ya bi hannu zuwa hannu har ya kai ga mijinta wanda yake ta nemanta, ya gane rubutun matarsa. Littafin ya yi farin jini har marubucin ya riƙa sa wa littattafansa na baya hannu da cewa daga mai Ƙwayayen Ista suke.

A 1817 ya fitar da labarin Heinrich von Eichenfels, yaron da 'yan fashi suka sace suka rene shi cikin kogo. Da ya tsere ya fito sarari, ya ga rana da furanni da ruwan sama a karo na farko, ya yi ta tambaya wa ya rataye wannan babbar fitila a sama, wani tsoho mai zaman kaɗaici domin ibada ya bi da shi daga halitta zuwa ga Mahalicci. A 1823 kuma aka sami Das Blumenkörbchen, watau Kwandon Furanni, labarin 'yar wani mai lambu da aka zarga da satar zoben uwargidan basarake, aka kore ta da tsohon mahaifinta, tsohon ya mutu a baƙunci, sai daga baya aka tsinci zoben a sheƙar wani tsuntsu dangin hankaka mai son ɗaukar abu mai ƙyalli.

Mai karatu zai ga zaren da ya ɗinke labaran nan: marar laifi da aka zalunta, haƙuri cikin wahala, da hannun Allah wanda yake aiki ta wurin ƙananan abubuwa, ƙwai ko zobe ko barewa. Ba daga sama ya ɗauko wannan ba. Yaran da yake karanta wa sun ga sojoji sun kwashe hatsin iyayensu, wasunsu marayu ne, shi kansa maraya ne, ya kuma ga an kori malaminsa a kan zargi. Abin da yake so su riƙe shi ne, Allah bai manta da wanda mutane suka manta da shi ba.

An fassara littattafansa cikin harsuna fiye da 20. A Faransa tsararraki da dama sun tashi da tatsuniyoyin da suke kira na Chanoine Schmid. A Ingila da Amurka, Kwandon Furanni ya zama littafin da ake ba yara kyauta a makarantun Lahadi na Furotesta, da yawa ba su ma san firist na Katolika ne ya rubuta shi ba.

Waƙoƙinsa

Yadda ya yi da labari haka ya yi da waƙa. Ya ga jama'a suna zaune a Misa ba su da waƙoƙi isassu cikin harshensu, sai ya tattara ya kuma rubuta musu. A 1807 ya rubuta waƙar Jibin Ƙarshe, Beim letzten Abendmahle, wadda 'yan Katolika na Jamus suke rerawa musamman ranar Alhamis Mai Tsarki, tana kuma cikin littafin waƙoƙinsu, Gotteslob, na 2013.

Waƙar Kirsimeti da muka ambata da fari an buga ta a 1811, tana da baiti 8, ko da yake yanzu ba duka ake rerawa ba. Da yara take magana kai tsaye. Ba ta fara da bayanin tauhidi ba, tana kiransu ne su zo su duba da idonsu, tana nuna musu waɗanda ke wurin ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta sa su durƙusa kamar makiyaya. Baitocin ƙarshe, waɗanda sau da yawa akan tsallake, suna haɗa talaucin komin dabbobi da wahalar gicciye, suna kuma tambayar wace kyauta yaro zai iya ba Yesu, amsar kuwa ita ce zuciyarsa. Darasin katikisma ne cikakke, amma yaro ɗan shekara biyar zai iya bin sa.

Karin da ake rera ta da shi a yau ba na Fada Schmid ba ne. Johann Abraham Peter Schulz ne ya tsara shi domin wata waƙa dabam, aka buga shi a 1794. Wanda ya haɗa karin da baitocin kuwa wani malamin makaranta ne ɗan Furotesta, mai kaɗa molon majami'a a garin Gütersloh, Friedrich Hermann Eickhoff, aka buga su tare a 1832. Malamin makaranta ya rubuta, malamin makaranta ya ba ta murya, ɗaya Katolika ɗaya Furotesta. Yau tana cikin littattafan waƙoƙin majami'un biyu.

Shekarunsa na ƙarshe

Fiye da sau ɗaya aka yi masa tayin kujerar farfesa, bai karɓa ba. A 1816 ya bar Thannhausen ya zama Fada mai kula da Ikklisiyar Oberstadion a ƙasar Württemberg, ƙauyen da yake hannun gidan sarautar Stadion, waɗanda su ne kuma iyayen ƙasa a Thannhausen. Ya yi kusan shekara 11 a can yana wa'azi, yana ziyartar marasa lafiya, yana rubutu. A 1827 ya koma Augsburg, ya shiga cikin manyan firistocin babbar majami'a masu ba Bishop shawara. Ko a can makaranta ba ta rabu da shi ba, gama a 1832 aka sa shi cikin masu lura da makarantun lardin. A 1837 Sarki Ludwig na Ɗaya na Bavariya ya ba shi lambar girma wadda ta sa shi cikin masu sarauta, daga nan ne kalmar von ta shiga sunansa. A 1848, yana da shekara 80, jami'ar Prague ta ba shi digirin dakta a ilmin tauhidi. Cikin tsufansa ya rubuta tarihin rayuwarsa, aka fara buga shi a 1853, ya kuma keɓe kashi guda sukutum domin malaminsa Sailer.

A 1854 annobar kwalara ta faɗa wa Munich da Augsburg. Ta ɗauke shi ran 3 ga Satumba, yana da shekara 86. A 1859 mutanen Dinkelsbühl suka kafa masa mutum-mutumi a gaban majami'ar Waliyyi George, suka siffanta shi da yara biyu a gefensa.

Abin da ya rage

Ba za mu ɓoye ba, labaransa sun tsufa. Yaran Jamus na yau kaɗan ne suke karanta su. Masu nazari sun kushe su da cewa mutanen cikinsu ko dai nagari ne sarai ko mugaye sarai, hawaye sun yi yawa, wa'azi ya yi tsawo, nagari kuma kullum yana samun ladarsa tun a duniya, alhali mun san ba kullum haka take ba. A wasu wurare kuma ya ɗauko mugun zaton da mutanen zamaninsa suke yi wa wasu kabilu ya sa a labari ba tare da ya auna ba, wannan kuwa kuskure ne da bai kamata a yi koyi da shi ba. Shi mutum ne na zamaninsa.

Amma abin da ya gane bai tsufa ba. Ya gane cewa koya wa yaro karatu ba tare da ba shi abin karantawa ba, kamar ba shi fartanya ne a hana shi gona. Ya gane cewa idan yaro bai fahimta ba, kafin a ɗaga bulala ya kamata malami ya fara bincika maganarsa. Ya gane cewa harshen da ake yi a gida ya isa ya ɗauki maganar Allah. Bai kuma ɗauki ajin ƙauye a matsayin wurin jira kafin babban muƙami ya zo ba, ya ba shi shekarunsa mafi ƙarfi, daga yana da 28 har ya kai 48. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shi kuwa ya tanƙwara da labari da waƙa.

A Linjila mun karanta yadda almajirai suka so su kori yaran da aka kawo wurin Yesu, Ubangiji kuwa ya ji haushi ya hana su. Akwai hanyoyi da yawa na korar yaro ba tare da an ɗaga murya ba: a yi masa magana da kalmomin da bai sani ba, a sa shi hadda babu bayani, a bar shi ba littafi ba waƙa. Sabili da haka bari kowannenmu, uba da uwa, malami da katikis, ya tambayi kansa yaushe rabon da ya zauna ya ba yaro labari, sa'an nan ya ce masa ya maimaita domin a ji abin da ya riƙe. Wanda Allah ya ba baiwar rubutu a cikinmu kuma, kada ya jira sai wani ya aiko daga nesa.

Allah ya ba Fada Christoph von Schmid hutawa ta har abada, ya sa wa malamanmu albarka, ya kuma raya mana 'ya'yanmu cikin tsoronsa. Amin.